Zirga-zirga a Nungwi: hayar mota ko direba?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko ya dace ka ɗauki hayar mota ka tuƙa da kanka a kwana biyar ɗin da za ku yi a Nungwi, garin bakin teku da ke arewacin tsibirin Zanzibar a Tanzaniya, kai da maiɗakinka da yara biyu. Na je Zanzibar sau uku, kuma shawarata ita ce kada ka tuƙa.

A can ta hannun hagu ake tuƙi, saɓanin abin da muka saba da shi a Najeriya da Nijar, kuma lasisin da ka zo da shi ba zai wadatar ba sai an yi maka takardar izinin tuƙi ta wucin gadi, wadda 'yan sanda kan tambaya a shingayen hanya. A zuwana na farko na yi haya, dare ya riske ni a hanyar arewa wadda ba ta da fitilu, ga masu keke da masu tafiya a ƙasa a bakin kwalta, ga hannuna yana ta neman komawa dama a kowace mahaɗa. Da ƙyar na isa, kuma ban sake gwadawa ba.

Daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume zuwa Nungwi kimanin kilomita 60 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ka sa masaukinku ya turo muku direba, ko ka ɗauki tasi, amma ku daidaita kafin a sa kaya a but, kuma ka tabbatar ko da shilin ake magana ko da dala, ko kuɗin mota duka ne ko na mutum ɗaya. Idan ka ga direban mai natsuwa ne, ka riƙe lambarsa ya zama shi ne zai riƙa kai ku nesa.

Akwai dala-dala, motar haya ta jama'ar gari, kuma mai lamba 116 ce ke zuwa Nungwi daga cikin birnin Zanzibar. Tana da araha ƙwarai, na kuma ji daɗin hirar da na sha a cikinta, sai dai tana tsayawa ko'ina, ana cusa mutane da buhuna, don haka ba ta dace da mai akwatuna da ƙananan yara ba. Kusan duk hanyoyinta a birni suke haɗuwa, shi ya sa mai son zuwa Paje, da ke kudu maso gabashin tsibirin, daga Nungwi sai ya sauka a can ya canza mota, rabin yini ya tafi.

A cikin garin Nungwi kuwa ƙafa ta ishe ku, domin masallaci da shaguna da wuraren cin abinci ba su da nisa. Idan rana ta yi zafi ku hau bajaji, wato adaidaita sahu. Boda-boda, acaɓarsu ke nan, ba zan ɗora yaro a kanta ba.

Abin da baƙi suka fi mantawa shi ne ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Idan ya janye ana bin bakin teku a ƙasa har Kendwa, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Nungwi, idan kuma ya dawo yakan kai ga duwatsu ya rufe hanyar, saboda haka ka tambayi lokacinsa a masauki kafin ku fita. In za ku shiga kwale-kwale zuwa wajen tsibirin Mnemba, kada ku hau sai kowane yaro ya sa rigar kariya daidai jikinsa.