Dalilin da ya sa taransifoma ke zafi alhali kayan da take ɗauke da su ba su kai ƙarfinta ba

Malam, ka tambaya me ya sa taransifomar unguwarku a Garwa take zafi sosai ko da awo ya nuna ba a ɗora mata fiye da kima ba. Zato mafi ƙarfi shi ne hamonik.

Wutar da ke zuwa daga madatsar Lagdo tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, amma cajar waya, kwamfuta, ƙwan LED da injin walda na zamani suna fizgar wuta ne a guntu-guntu, sai su haifar da kaɗawa ta 150 da 250 da 350, wato ninki uku da biyar da bakwai na 50 ɗin; waɗannan su ake kira hamonik na uku da na biyar da na bakwai. Asarar da wutar da ke kewayawa cikin jan ƙarfen naɗin wayoyin taransifomar take jawowa tana ƙaruwa ne da ninkin saurin kaɗawar a kansa, don haka ampiya ɗaya na hamonik na biyar yana jawo irin wannan asara ninki 25 na ampiya ɗaya na wutar asali. Hamonik na uku kuwa ba ya soke juna tsakanin layuka ukun da ke fitowa daga taransifomar, taruwa yake a wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, shi ya sa za ka tarar rufinta ya yi baƙi a wurin ɗauri.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da ke naɗe da wayoyin cikin taransifomar don hana su haɗuwa, domin ƙarin zafi na kimanin digiri 6 yana rage rabin tsawon rayuwarta, ga kuma zafin Maris da Afrilu a nan. Ku nemi ma'aikacin lantarki ya auna da mitar da ke tantance hamonik, domin mita mai araha takan nuna ƙasa da gaskiya, sannan a rage wa taransifomar kaya ko a sa na'urar tace hamonik.