Amsa kan akwatin gilashi mai bankarewa da filtar jatan lande

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an haɗa maka akwatin gilashi mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, da gilashi mai kaurin milimita 4, kuma da ka cika shi da ruwa ka ga gaban ya yi ciki. Kana son sanin yadda za a ƙarfafa shi, da filta mai araha ta ƙananan jatan lande na ado.

Kafin komai, rage ruwan yau ɗin nan. Akwatinka na cin lita 112, wato kilo 112 ke nan ban da yashi da duwatsu, kuma tsayi 40 gilashin milimita 6 ya kamata a ba shi. Abin da ke tura gilashi zurfin ruwa ne. Idan ka sauke shi zuwa santimita 25, ƙarfin da ke danna gaban bai kai rabin na da ba, kuma har yanzu kana da lita 70. Jatan lande a ƙasa suke kiwo, ba ruwansu da zurfi.

Sai tokara. Kwashe ruwan duka, ka je wajen masu yankan gilashin taga su yanka maka sirara biyu na milimita 6, faɗin santimita 5, tsawonsu daidai da cikin akwatin. Za a liƙa su a kwance ta ciki, ɗaya jikin gilashin gaba ɗaya jikin na baya, kusa da baki. Sannan a ɗora na uku a tsakiya ya haɗa su kamar gada. Ka ce su goge maka kaifin gefen, don hannunka kullum ta nan zai riƙa shiga.

Wajen gam ne mutane ke asara. Silikon zalla za ka nema, mai warin tsami idan aka buɗe. Wanda aka rubuta yana hana fumfuna, na banɗaki, akwai magani a cikinsa da ke kashe jatan lande. Sabon silikon kuma ba ya kama tsoho, don haka duk inda za ka liƙa ka kankare da reza, ka goge da sifirit ya bushe. Ni nakan bar shi mako guda ban taɓa ba, duk da a jikin kwalin an ce kwana ɗaya ko biyu. Gwajin cikawa a tsakar gida za ka yi shi, kada ka yi a kan kafet ɗin uwargida. Auna faɗin bakin akwatin a gefe da kuma tsakiya. In tsakiyar ta ɗara da fiye da milimita 2, ƙara rage ruwa. A ƙarƙashin akwatin shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji, a kan tebur da ka duba da lebur na magina. Ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙasa ta isa ta tsaga shi.

Batun filta, kada ka kashe kuɗi a kan mai injin zuƙo ruwa. 'Ya'yan jatan lande ba su wuce milimita 2 ba idan aka ƙyanƙyashe su, zuƙe su take yi. Filtar soso mai aiki da famfon iska ita ce tasu: ba ta da tsada, tana ba ruwa iska, kuma za ka gan su sun yi cincirindo a jikin soson suna tsintar abinci da 'yan hannayensu. Ainihin aikin tacewar ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama cikin soson suna sarrafa gubar da kashi ke fitarwa, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Bar filtar ta yi ta aiki tsawon wannan lokacin, kana ɗan jefa abinci, kafin ka zuba jatan lande ko guda. In ta yi datti, matse ta a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin. Ruwan famfo na da sinadarin kulorin, yana kashe ƙwayoyin bakteriyar.

A nan Katsina wuta da zafi sun fi ba ni wahala a kan zaɓen filta. Sayi ɗan famfon iska mai USB ka haɗa shi da fawa bank, in an ɗauke wuta kumfa ba za ta tsaya ba. Ajiye famfon sama da bakin ruwa don kada ruwa ya biyo tiyo ya dawo masa. Jajayen jatan landen nan da aka fi samu sun fi jin daɗi ƙasa da digiri 28, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kai akwatin ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, ka sa ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Za ta sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ka riƙa cike abin da ya ƙafe.

Ɗakin da suke kuma kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi, famfon iskar ma shi zai tura gubar cikin ruwan. Haka duk wani maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, kada a zuba musu shi. Turo mana hoton kusurwoyin akwatin mu ga yadda aka ja silikon ɗin asali, don in ya yi siriri ko akwai kumfa a cikinsa, sai an sake shi kafin a yi maganar tokara.