Kafin ka aika wa dillalin ƙwallo ko sisi

Wani ɗan'uwa mazaunin Bronx a New York ya rubuto cewa ɗan ƙaninsa da ke Kaduna gwanin ƙwallo ne. Wani dillali ya yi alkawarin samo masa gurbi a ƙungiyar wata jami'ar Amurka da cikakken tallafin karatu, amma sai an fara biyansa. 'Yan gida kuwa sun sa shi gaba ya aika kuɗin.

Ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci, amma ka dakata tukuna. Cikakken tallafi a ƙwallon maza na jami'a abu ne mai wuyar samu. Shekara da shekaru hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade wa ƙungiyar maza a rukuni na ɗaya, wato mataki mafi girma, kwatankwacin cikakken tallafi 9.9 kacal, ta mata 14, alhali 'yan wasa kan kai kusan 30. Sai koci ya yanka shi gunduwa-gunduwa: wannan rabi, wancan kwata, wani ma kuɗin littattafai kawai. A 2025 kotu ta amince da wata sasantawa tsakanin NCAA da 'yan wasa da ta cire wannan ƙa'ida ga jami'o'in da suka shiga sabon tsarin, aka sa iyakar 'yan wasa 28. Sai dai cire ƙa'ida bai zuba wa koci kuɗi a asusu ba, don kaso mai tsoka ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando yake tafiya. Rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa sam.

Da mace ce, da ƙofar ta fi faɗi. Dokar Title IX ta 1972 ta hana fifita maza a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, shi ya sa ƙungiyoyin mata a rukuni na ɗaya suka haura 330, na maza kuwa 200 da 'yan kai.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu, domin a wuyanka za su rataya. Fom ɗin I-20 da jami'a ke bayarwa don neman bizar karatu yana nuna kuɗin shekara guda, karatu da ɗaki da abinci, da kuma inda za su fito. Duk giɓin da tallafi ya bari, wani ne zai nuna takardar banki ya ce ya ɗauka, kuma kai za a duba. Kada a ce yaron zai yi aiki ya cike: mai bizar karatu ta F-1 awa 20 a mako kawai aka yarje masa lokacin karatu, a cikin makaranta. Kuɗin talla da 'yan wasa suka fara samu tun 2021 ma na iya jawo masa matsalar biza. Ga shi sau da yawa tallafin shekara-shekara ake sabunta shi, in koci ya bar aiki sai lissafi ya canja.

Ya kamata yaron ya yi rajista da kansa a cibiyar tantance 'yan wasa ta NCAA. Za su nemi sakamakonsa na sakandare da tarihin kulob ɗin da ya buga wa, ya faɗi gaskiya kan duk kwantiragi ko kuɗin da ya taɓa karɓa. Kai kuma ka nemi sunan jami'ar, ka ɗauko adireshin kocin daga shafinta, ka rubuta masa: kun san yaron nan? Dala nawa za ku ba shi, na shekara nawa? Ka gaya wa ƙanin naka sai amsar ta zo a rubuce za ka aika kuɗi, kuma asusun jami'a za su shiga.