Gonar fasto: amsar kawunka kan abin da ka tambaya

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, abin da ya sa ban amsa ba shi ne ba magana ce ta layi biyu ba. Ya gida, ya jikin babarka, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na ji an ba ka shugabancin matasa, Ubangiji ya riƙa maka. Ka ce gardama ta tashi a tsakaninku, wasu na cewa a tara kuɗi a yi wa fasto rana guda irin yadda ake yi a cocin birni, a sai masa shadda a saka ambulan a ɗau hoto, wasu kuma na cewa ai yana da albashi me ya sa za a je masa noma, har wani ya ce wai gayya al'adar Maguzanci ce ba ta Kirista ba. Shi ne kake so in gaya maka yadda muka tarar ana yi. Toh bari in faɗa maka.

Wanda ya ce gayya ta Maguzawa ce bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Gayya ta Bahaushe ce gaba ɗaya, Musulmi na yi Bamaguje na yi. A gidan kakanka kafin bishara ta shigo in za a yi gayya sai an dafa giya tulu tulu, makaɗa su zo da gangar noma, a wuni ana kirari. Da iyayenmu suka karɓi Almasihu giyar suka zubar, ba su zubar da fartanya ba. Kunu da fura suka maye gurbin giya, waƙoƙin sujada suka maye gurbin kirari, aiki kuwa yana nan yadda yake. Kuma ka duba maƙwabtanmu Musulmi, malamin allo almajiransa ke masa noma, ga kuɗin Laraba, liman ma da kaka ba a manta shi. Duk ƙasar nan an san wanda ya bar aikinsa ya riƙe na jama'a, jama'a ke riƙe cikinsa.

Kai ka taso ka tarar da coci da rufin kwano da lasifika, ba haka aka faro ba. Turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun shigo ƙasar nan tun 1893 amma an daɗe ba a bar su sun zauna a ƙasar Kano ba, sai wajen shekarun 1930 ta hanyar aikin kutare irin na Yadakunya, daga baya asibitin ido na cikin Kano. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932 ya fito, ECWA kuma, wato ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, a 1954 ta tsaya da ƙafarta. Waɗanda suka kawo bishara ƙauyukanmu na nan wajen Sumaila da Gani ba Turawa ba ne yawanci, malamai ne 'yan ƙasa da suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki irin ta Tofa, wasu daga kudancin Zariya wasu daga Filato, mutum ya zo da matarsa da akwati ɗaya da keke in ya samu. Malam ma muke ce musu, fasto daga baya ya shigo bakinmu. Toh abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, mutumin nan baƙo ne. Ba shi da gonar gado a garin, ba shi da rumbun uba, ba shi da ɗan'uwan da zai je wa aron tiya biyu da dare ba wanda ya gani. Har gobe haka yake, DCC, wato majalisar cocin gunduma, ta turo shi, DCC za ta ɗauke shi ranar da ta ga dama. Duk al'adar da kake tambaya daga nan ta fito.

Shi ya sa ranar da sabon malami ya sauka dattawa ke zama a yanka masa gona, aro ne ba kyauta ba, in ya tashi ta koma ga na bayansa, kuma ba a ba shi fako ko inda ƙuduji ya cinye, mai kyau ake nema kusa da gida. In ruwa ya sauka kowa ya yi shukarsa, sai a sa rana. Mu a lokacinmu sau uku ake fita, noman firi, maimai, sai girbi. Kuma gonar fasto ba a barinta sai an gama ta kowa, a gaba ake sa ta, dalili kuwa shi ne shi ba shi da ikon lokacinsa. Kai in ka fita gona da asuba sai la'asar, shi kuwa yana kama fartanya za a zo a ce wance na naƙuda ta wahala, ko wane ya rasu a ƙauyen gaba, ko mata da miji sun kwana suna faɗa, dole ya ajiye ya tafi, ciyawa kuma ba ta san ana jana'iza ba. In matasa talatin suka shiga gonar nan kafin azahar an gama, Zumuntar Mata sun kawo kunu da ɗanwake, shi kenan. Rabin wuni ne a wajenku, a wajensa abincin shekara ne.

Maganar albashi kuwa, ni na riƙe ma'aji shekara da shekaru, na san inda albashin nan yake fitowa. Ba daga sama ake aiko shi ba, daga cikin kwanon baikon nan ne da kuke sakawa ran Lahadi, a cire kason da za a tura sama, a cire na gyara, abin da ya rage a biya shi. A ƙauye kuma baiko bin kaka yake. Daga Oktoba zuwa Kirsimeti kwano cike, ana baikon godiya, dami goma mutum ya fitar da ɗaya, wani ya kawo akuya wani zakara, gidan fasto har ya rasa inda zai sa kabewa. Amma ka zo Yuli da Agusta ka leƙa kwanon. Kuɗin kowa ya tafi taki, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Ka tuna farkon 2023 lokacin da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace, me aka riƙa samu a baiko? Daga nan aka cire tallafin mai a watan Mayu, mashin ɗin da fasto yake zagaya ƙauyuka uku da shi wa ya tambaye shi da me yake zuba masa mai?

Akwai abin da ban taɓa ba ka labari ba. A daminar 1984, bayan farin da aka yi, ina sabon ma'aji, muka yi wata uku ba mu ba malaminmu ko kwabo ba, ba mugunta ba ce babu ne, kuma kowa ta kansa yake. Mutumin nan bai taɓa buɗe baki ba, kullum da asuba shi ke buga ƙararrawar addu'a, ran Lahadi ya tsaya ya yi wa'azi da fara'arsa. Wata tsohuwa ce cikin Zumuntar Mata, gidanta na kallon nasu, ta zo ta same ni da magariba ta ce kwana biyu ke nan ba ta ga hayaƙi ya tashi a madafar gidan malam ba, kuma ba ta ji ƙarar turmi ba. Da mata suka shiga suka tarar tafasa da rama ake dafa wa yara da ɗan ƙuli-ƙuli, shi ma sau ɗaya a wuni, a murhun bayan ɗaki don kar a gani. Daren nan ban yi barci ba. Ni ke riƙe da littafin kuɗi, na san sarai ba mu biya ba, amma ban taɓa haɗa lissafin da tukunyar gidansa ba. Washegari muka bi gida gida, mai tiya ya ba da tiya mai rabin kwano ya ba da rabi, har wani maƙwabcinmu Musulmi da ya ji ya aiko da dawa ya ce malam ya taɓa kai ɗansa asibiti a keke cikin dare. Daga shekarar ne muka gina rumbun ikilisiya, aka yi doka cewa hatsin godiya ba a sayar da shi duka da kaka lokacin yana arha, a ajiye kaso ba a buɗewa sai marka. In rumbun nan ya rushe ko an daina zuba masa, toh wannan ya fi shadda gaggawa.

Fasto ba zai roƙa ba, ka sa wannan a ranka. Wanda ke da kunya ba zai iya ba, wanda ya iya kuma mu ne za mu fara cewa ya cika son abin duniya. Shi ya sa nake son labarin matar nan ta Shunem a 2 Sarakuna sura 4. Elisha bai ce mata komai ba, ita ta lura yana yawan wucewa, ta ce wa mijinta su yi masa ɗan ɗaki a sa gado da tebur da kujera da fitila. Bulus ma a 1 Timoti sura 5 da yake maganar dattawan da ke wahalar wa'azi da koyarwa, dokar Musa ya ɗauko ta cewa ba a sa wa takarkari takunkumi yana cikin aikin sussuka. Kai manomi ne, ka san abin da zai faru da shanun huɗa in ka yi ta aiki da su ba harawa ba dusa.

Sai maganar Mama, matar fasto. Nan ne muka fi yin laifi kuma ba mu ɗauke shi laifi ba. Ba mu ɗauke ta aiki ba, ba ma biyanta, amma ita ce za ta dafa wa duk baƙon da ya sauka, mai wa'azin da aka gayyato, 'yan kwaya da suka zo daga wani gari, mahaukacin da ya biyo hanya ma gidan fasto ake nuna masa. Da can mata sun san wannan, duk wadda ta je itace sai ta yar da ɗauri ɗaya a ƙofar gidan, mai daddawa ta kai, mai kuka da busasshiyar kuɓewa ta kai, 'yan mata su cika randa, in baƙi suka zo gidaje uku ke fitar da tuwo ba gida ɗaya ba. In ta haihu kuwa uwarta na can nesa, tsofaffinmu ke zama mata uwa har ta gama wanka. 'Ya'yansu ma yara ne kamar kowa, ɗan fasto ya tsinki mangwaro sai gari ya ɗauka, naka ya yi sai a ce ƙuruciya. Ku matasa ku ja su a jiki. In lokacin kuɗin makaranta ya yi, wani dattijo ya tambaya a asirce, ba a gaban jama'a ba.

Kuma ba ciki kaɗai ke karya mutum ba. Na ga faston da bai rasa abinci ba amma ya tafi da baƙin ciki, saboda kullum ana auna shi da wanda ya gabace shi, wane da ba haka yake yi ba, wane da ya fi shi murya. Ya buga ƙararrawar addu'ar safe ya tarar da tsofaffi mata huɗu. A yi masa dariya a fuska a je gindin tsamiya a yi ta yanka shi, ko a wayi gari an rubuta takardar ƙara zuwa sama shi bai ma san an yi fushi da shi ba. Mu abin da aka koya mana, in ya yi kuskure dattawa biyu ke zuwa gidansa bayan an ci tuwon dare, a zauna a faɗa masa tsakani da Allah, a yi addu'a a tashi, maganar ta mutu a nan. Mutum ne, zai yi kuskure, wani lokacin ma babba, ban ce a rufe ido ba. Hasali ma ɗaya daga cikin gatan da za ku yi masa shi ne kar ku bar kuɗin coci a hannunsa, mutum biyu su ƙirga, ma'aji ya rubuta, a karanta wa jama'a, don bakin mutane ya bar shi. In wa'azinsa ya taɓa ka kuma, je ka gaya masa wace magana ce ta taɓa ka. In zai je gaisuwar rasuwa ƙauye mai nisa wani ya ɗauke shi a mashin ko ya raka shi, kar ya riƙa tafiya shi kaɗai kamar marar jama'a.

Ranar da kuke so ku yi masa, ban hana ba, ku yi, zai ji daɗi, Mama ma a haɗa mata turmin atamfa kar a ba shi shi kaɗai. Abin da ba na so shi ne ta zama ta cinye sauran, a yi hoto a sa a Facebook kowa ya ga an yi, sai kuma baɗi. In kuɗin da za ku tara bai isa duka biyu ba, ni a ganina taki buhu ɗaya a watan Yuni ya fi masa shadda.

Ga abin da zan ce ka yi. Kar ka kai maganar gaban matasa tukuna, fara samun dattawa da shugabar Zumuntar Mata, don gayya ba ta yiwuwa ba su, kuma kar su ji kamar yara sun zo koya musu. Ka tambayi ma'aji a hankali ko ana bin coci bashin albashi, wata nawa. Sannan ka je gidan faston da kanka kamar gaisuwa, ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin da yara ke kwana da na madafa tun ruwa bai sauka ba, ka dubi tayar mashin ɗinsa. In kun sa ranar firi ka sanar da ni da wuri, ƙugu ba zai bar ni in sunkuya ba amma zan zo, kuma geron kunun ranar daga rumbuna za a ɗiba. Ka gaida babarka, ka ce mata ina nan tafe bayan Ista.