Ɗana yana murɗa yatsu irin na Naruto, ko aljanu yake kira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 13 ya kamu da Naruto, ba dare ba rana. Na same shi a ɗaki yana murɗa yatsu yana ambaton wasu kalmomi. An turo mana saƙon murya a WhatsApp cewa kiran aljanu ne, maƙwabciyata kuma ta ce in kai shi wurin wani mai magani. Hankalina a tashe yake. Me ya ɗauke masa hankali haka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kuma don Allah kada ki kai yaron nan ko'ina.

Naruto labarin zane ne na Japan da aka mayar da shi fim ɗin katun. Masashi Kishimoto ya zana labarin a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan daga 1999 zuwa 2014, babi 700, kuma tun babin farko ya san inda zuciyar yaro take. Ga maraya, wato shi Naruto, ya faɗi jarrabawa, yana zaune shi kaɗai a kan lilo, yana hangen iyayen 'yan ajinsu suna taya 'ya'yansu murna, manyan gari kuwa suna harararsa. Malaminsa Iruka ne kawai ke jan sa a jiki, har ya saya masa taliya. Duk yaron da aka taɓa rainawa, ko a aji ko a gida, zai ga kansa a wurin nan. Ga kuma Rock Lee, wanda bai da baiwar sauran, sai naci da atisaye. Abin da ya riƙe ɗanki ke nan.

Sai maganar aljanu, wadda na gaji da jin ta. Manyan alamomin hannun nan guda 12 ne, kuma sunayen dabbobin kalandar Sin aka ba su: ɓera, zomo, doki, biri, kare, maciji da sauransu. Kalmomin da kika ji sunayen dabarun faɗa ne da Japananci. Gaskiya ne marubucin ya ɗebo abubuwa daga tatsuniyoyi da tsoffin al'adun addinin ƙasarsu. Jiraiya mai kwaɗo da Orochimaru mai maciji daga wani labarin Japan na ƙarni na 19 suka fito. Amma tatsuniya ce aka zana don sayar da mujalla, kuma yaron da ke kwaikwayonta daidai yake da yaran da suka riƙa tsalle suna kai duka bayan kallon fim ɗin Chainis.

Masu yaɗa saƙonnin nan ko babi ɗaya ba su karanta ba. Su yanko hoto ɗaya, su ɗora murya mai ban tsoro, su ce a tura wa mutum goma. Daga nan mai magani ya samu kasuwa: a karɓi kuɗinki, a turara wa yaro hayaƙi a rufaffen ɗaki, wani lokaci har da bulala wai ana korar aljani. Lafiyayyen yaro sai ya dawo yana tsoron uwarsa, yana ɓoye waya a ƙarƙashin katifa. Wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaye mu. An umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, balle wanda zai sa a taɓa lafiyar ɗan da aka ba mu amana.

Inda ya kamata ki sa ido daban ne. Akwai jini da kisa, musamman labarin Itachi da ya hallaka danginsa, akwai kuma barkwanci na rashin kunya, don haka kada ƙannensa ƙanana su kalla. Sannan fim ɗin, idan aka haɗa da ci gabansa mai suna Shippuden, kashi 720 ne, yana cinye barci da karatu. Ki yanka masa kashi biyu a rana bayan ya gama aikin makaranta da Islamiyya, wayar kuma ta kwana a ɗakinki. Ki zauna ku kalli kashi ɗaya tare, ki tambaye shi wa ya fi so a ciki, kuma don me.