Sankarar jini: me ya sa sai an auna aikin ƙwayoyin gado?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An tabbatar ɗana mai shekara 7 yana da sankarar jini, irin da ake kira ALL. Yanzu kuma an ce za a aika samfurin ɓargonsa a auna ƙarfin aikin ƙwayoyin gado. Ba an riga an gano cutar ba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya.

An gano sunan cutar, saura a san wane reshe nata ne. Yara biyu za su iya zuwa da zazzaɓi iri ɗaya, jininsu ya yi kama a ƙarƙashin madubin likita, amma ɗaya ya ji magani nan da nan, ɗayan cutar ta yi taurin kai. Bambancin yana can cikin ƙwayar sankarar.

Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, sai dai ba dukkansu ke aiki a lokaci guda ba. Wasu a kashe suke, wasu a kunne, wasu kuma cutar ta ƙure su. Gwajin yana auna yawan saƙon da kowace ke fitarwa, wanda ake kira RNA. A 1999 Todd Golub da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa da wannan kaɗai ana iya raba ALL da AML, wani nau'in sankarar jinin daban. A 2002 masu bincike a asibitin yara na St. Jude da ke Amurka suka auna yara 360, suka ga kowane reshe na ALL yana da nasa tambarin.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne reshen da aka gano a 2009. Ba shi da wata gurɓatacciyar ƙwayar gado mai suna BCR-ABL1, amma ƙwayoyin gadonsa suna aiki tamkar yana da ita, kuma ya fi saurin dawowa bayan magani. A kusan rabin masu shi, ƙwayar gado mai suna CRLF2 ce ke aiki fiye da kima. In an gane shi da wuri ana ƙara ƙarfin magani, wasu ƙalilan ma ana haɗa musu da magunguna irin su imatinib. Akwai kuma reshe mai gurɓatacciyar ƙwayar gado ETV6-RUNX1, wanda ya yawaita a ƙananan yara kuma yake jin magani sosai.

Amma 'yar'uwa, kada ki ɗauki sakamakon a matsayin hukunci kan rayuwar ɗanki. Yana faɗin yadda cutar ta saba yi ne a tsakanin yara masu yawa. Abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne yawan ƙwayoyin sankarar da suka rage a ɓargo bayan watan farko na magani. Ki tambayi likitansa wannan, ki kuma tambaye shi ko sakamakon zai sauya maganin, tunda gwajin yana da tsada. Maganin kansa yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3, kuma ko yaron ya murmure ya koma wasa, don Allah kada a yanke maganin.