Filin Amsoshinku: Mene ne aikin ƙungiyoyin masu zanen tsirrai?

Tambaya: Na ji an ce a Afirka ta Kudu akwai ƙungiyar da aikinta shi ne zana furanni da ganye. Tunda ga kyamara a kowace waya, ina amfanin wannan wahala? Kuma me suke yi idan sun taru? (Daga wata ɗaliba a Maraɗi)

Amsa: Gaskiya aka faɗa miki. Ƙungiyar da kike nufi ita ce BAASA, ta masu zanen tsirrai na kudancin Afirka, kuma tana da alaƙa ta kusa da lambun Kirstenbosch, wanda aka kafa a birnin Cape Town a 1913. A lambun ne aka fara baje kolin zanen tsirrai na bayan shekara bibbiyu a 2000, inda alƙalai suka riƙa raba lambobin zinare da azurfa da tagulla. Irin wannan ƙungiya suna da yawa. A Ingila akwai wadda aka kafa a 1985, a Amurka kuma akwai ta 1994 mai rassa a yankuna daban-daban.

Kyamara tana ɗaukar abin da ke gabanta ne a lokacin: ganyen da tsutsa ta ci, inuwar da ta rufe gindin fure, reshen da ya tare wani. Mai zane kuwa yana haɗa wa masani tsiro ɗaya a takarda ɗaya da tohonsa, da furensa a buɗe, da furen an tsaga shi biyu, da 'ya'yansa, da irinsa, alhali tsakanin toho da iri akwai watanni. Shi ya sa har gobe mujallun kimiyyar tsirrai ba su daina buga zanen hannu ba.

Idan sun taru, yawanci zaman zane ne a lambu, da koyar da sababbin shiga, da gayyato masanin tsirrai ya tsaga fure a gabansu ya nuna sassansa. Aikin da ya fi burge mu shi ne na ƙungiyar lambun magunguna na Chelsea a Landan. Lambun ya samo asali tun 1673, ƙungiyar kuma an kafa ta a 1995 don ta zana tsirran da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Mamba ya gama zane, sai kwamiti ya duba, in ya karɓu ya shiga ma'ajiyar lambun kyauta. Birnin Sheffield na Ingila ya bi sahu a 2002.

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a sakandare. Ina so in fara irin wannan da ɗalibaina. Wane kaya zan saya, kuma ta ina za mu soma? (Daga wani malami a Zariya)

Amsa: Malam, kada ka fara da fenti. Zangon farko gaba ɗaya a yi shi da fensir. Kowane ɗalibi ya samu fensir uku: 2H na jan layin farko mara duhu, HB na gyara, 2B na inuwa. Sai rula mai milimita, kamfas mai tsini biyu na akwatin lissafi, da farar takarda mai santsi. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10 da reza sabuwa guda ɗaya sun ishi ɗalibai huɗu, amma rezar ta zauna a hannunka.

Ku soma da yakuwa, don tana ko'ina kuma sassanta manya ne. A yanko reshe da sassafe, a tsoma gindinsa cikin kwalbar ruwa nan take. A aje shi gaban farin kwali, haske yana shigowa ta taga ɗaya daga hagu, in mai zanen da dama yake rubutu. Haske daga wuri biyu yana kashe inuwa, zanen ya fito a shimfiɗe.

Kafin fensir ya taɓa takarda, a ƙirga. Ganyayyakin furen yakuwa biyar ne. Jan kwanson da ake zoɓo da shi yatsu biyar gare shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙananan yatsu tsakanin 8 da 12. Ganyen yana fitowa ɗaya-ɗaya a jikin kara, wannan sama da wancan, ba biyu suna fuskantar juna ba. Nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, domin hannu yana son jera abu daidai wa daida, sai ya zana abin da ya ga dama, ba abin da ke gabansa ba. Masani yana ganin ganye biyu-biyu a karan yakuwa zai aje zanen, komai kyansa.

Daga nan a auna tsawo da faɗi da kamfas, a ɗiga su a takarda, a zana tsiron daidai girmansa. Ganye ana fara shi da jijiyar tsakiya, sannan gefensa. Idan ganyen ya lanƙwashe, a ja jijiyar gaba ɗaya har wurin da ta ɓuya, daga baya a goge, in ba haka ba za ta fito a karye. Ƙananan abubuwa irin su gurguzu a ninka su sau 3 ko 5, a ja ɗan layi kusa da su a rubuta milimita nawa ne. Layin ya fi rubuta "sau 5" amfani, don in an rage hoton wurin bugawa, layin zai ragu tare da shi, lambar kuwa ta zama ƙarya.

Fure ake fara zanawa. Na yakuwa da na kuɓewa suna buɗewa da safe, kafin yamma sun yi yaushi, ganye da kara kuwa suna jira. Na kuka ya fi wuya: da magariba yake buɗewa saboda jemagu, washegari ya fara baƙi. Wannan sai ɗalibai sun ƙware.

In wani mahaifi ya nuna damuwa kan zane, ka tuna masa cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci mai sana'ar zane da ya riƙa yin bishiya da abin da ba shi da rai.

Tambaya: Ina amfani da fentin ruwa, amma takardata tana kumbura, koren ganye kuma yana fitowa kamar na roba. (Daga wani mai zane a Kumasi)

Amsa: Takardarka ta yi sirara. Masu wannan aiki suna amfani da ta auduga zalla mai santsi, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita. In ba ka samu ba, ka jiƙa wadda kake da ita na 'yan mintuna, ka shimfiɗa a katako, ka manne gefe huɗu da tef ɗin takarda mai ƙaro, ta bushe a kwance kafin ka fara.

Koren da ke cikin kwali ba na ganye ba ne. Haɗa naka da shuɗi da rawaya, sannan ka ɗiga ja kaɗan ƙwarai don ya kwantar da shi. Kada haɗin ya wuce launi uku, in ya wuce sai ya koma ruwan kwata. Gwada a gutsuren takarda, ka bari ya bushe, ka ɗora shi jikin ganyen, domin fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe. Shafa shi siriri-siriri, kowane shafi ya bushe sarai kafin na gaba. Inda ganye ke sheƙi a bar takardar fara tun farko.

Tambaya: Ta yaya irin waɗannan ƙungiyoyi ke amfanar mutanen gari, waɗanda ba masu zane ba? (Daga wata ma'aikaciyar gandun daji a Damagaram)

Amsa: Hanyar da aka fi sani ita ce baje koli a ɗakunan karatu da lambuna, da zuwa makarantu. Ɗaya daga cikin manyan shi ne na 18 ga Mayu, 2018, ranar da ƙasashe 25 suka nuna zanen tsirran da suke 'yan asalin ƙasarsu. An sake yi a 2025, a wannan karon kan amfanin gona da tsirran da mutane ke mora.

A ganinmu baje kolin da aka rataye hotuna kawai aka koma gefe ba ya barin komai. Wanda ke aiki shi ne wanda mai zane ke zaune da reshe a gabansa yana aiki, ga takarda da fensir a teburin kusa don duk yaron da ya tsaya. Minti 45 da ganye ɗaya ya ishi ɗan firamare. Kada rukuni ya wuce yara 12 ga mai koyarwa ɗaya, don dole ne a duba ƙirgen kowa.

Ke da ke aikin daji, abin da zai fi miki amfani shi ne haɗa kowane zane da busasshen samfurinsa. A danne reshen tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu, a riƙa canza jaridun kullum a kwanakin farko, musamman da damina, in ba haka ba ya yi funfuna. A rubuta wuri, da kwanan wata, da sunan tsiron kamar yadda mutanen wurin ke kiransa, da abin da suke yi da shi. Tsofaffi da makiyaya da masu maganin gargajiya su ne za su ba ki wannan, kuma a nemi yardarsu kafin a rubuta. Sunan gida kaɗai ba ya wadatarwa, don suna ɗaya kan hau tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma ya amsa suna uku, kamar yadda darbejiya take dogonyaro a wani gari, maina a wani. Sai a kai samfurin ma'ajiyar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a tabbatar da sunansa na kimiyya. Idan tsiron ya yi ƙaranci a yankin, kada a yanka, a zana shi a inda yake, kuma kada a rubuta ainihin wurinsa a takardar da za a manna wa jama'a.